Tsohuwar Toyota a Kasuwar Kebbi: Wace Ce Ke da Wane Ciwo?

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa cikin watan Yuni, lissafin sayen mota ya dagule wa jama'a. Dalar da ake samu a hukumance kan kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Da dala ake sayo mota a waje, da farashinta kuma kwastan ke lissafa kuɗin fito. Ma'aikacin da a da yake adashi don ya hau 'yar Kwatano, yanzu ta hannu yake cigiya, wadda ta riga ta sha hanyar Jega da Argungu shekara da shekaru. Kuma duk wanda ya nemi shawara a Birnin Kebbi, kusan amsa ɗaya zai ji: nemi Toyota, ba za ta wahalar da kai ba.

Shawarar tana da tushe, sai dai an yi mata kuɗin goro. Camry biyu za su tsaya gefe da gefe, ɗaya ta 2009 ɗaya ta 2010, ido bai cika raba su ba, amma injin da ke cikinsu daban ne, kuma ɗayan ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai. Matsalolin Toyota suna bin inji ne da shekarar ƙira, sannan su bi hannun da motar ta ratsa.

## Yaren dillalai

'Yar Kwatano, ko Beljiyam, ko tokumbo, ita ce motar da aka hau a ƙasar waje aka shigo da ita, ba a kai ga yi mata lamba a nan ba. Akasarin Camry, Corolla, Sienna da Highlander da ke titunanmu na kasuwar Amurka da Kanada ne, shi ya sa agogon da yawa daga cikinsu mil yake ƙirgawa. Ta hannu kuwa ita ce wadda aka riga aka mora a Najeriya. Camry ta 1997 zuwa 2001 ita ake kira Pencil, ta 2002 zuwa 2006 Big Daddy, ta 2007 zuwa 2011 kuma Muscle.

Akwai afgired, wato a sauya wa mota fitilu da bamba da fuska ta koma kamar ƙirar da ta biyo bayanta. Akwai kuma kiran gyara: idan kamfani ya gano aibi a wata ƙira, yakan kira masu motocin su kai a gyara kyauta, wani lokaci kuma ya tsawaita garanti a kan ɓangaren da ke da matsala na wasu shekaru. Wannan alfarma a gun dilolin kamfanin na ƙasar da aka sayar da motar take aiki. Motar da ta baro Amurka ba a gyara ta ba, da ciwonta za ta iso Kamba ko Yawuri.

## Inda sunan ya samo asali

Bayan da Peugeot ɗin da ake harhaɗawa a Kaduna tun 1975 ta ja baya, motocin Japan ne suka maye gurbi. Toyota ta yi fice saboda injinanta ba su da sarƙaƙiya, suna jure sakaci, kusan kowane bakanike ya san cikinsu, kayan gyaransu kuma suna nan daga Sakkwato zuwa Ƙofar Ruwa a Kano. Idan buƙata ta taso aka sa ta a kasuwa, ba ta daɗewa. Wannan duk gaskiya ne, kuma shi ne ya sa mai saye yake biyan kuɗin suna ko da motar ta gaji.

## Injin 2.4, wanda ya fi yawa a gari

Kamfanin yana kiransa 2AZ-FE. Shi ne a cikin Big Daddy mai silinda huɗu, da Muscle ta 2007 zuwa 2009, da RAV4 ta 2004 zuwa 2008, da Highlander ta farko mai silinda huɗu. Ciwo biyu aka san shi da su, kuma kowanne da zamaninsa.

Na farko ya fi kama na shekarun Big Daddy. Gangar jikin injin ta alminiyam ce, kuma zaren ramukan da notocin tof silinda ke shiga yakan cinye, musamman idan motar ta taɓa yin zafi fiye da ƙima. Sai noti ya saki, ruwa ya riƙa tsatsafowa ta bayan injin, wurin da ido ba ya kaiwa cikin sauƙi. Bakaniken da bai san zancen ba zai canza gaskit, motar ta yi wata biyu lafiya, ciwo ya dawo. Gyaran gaskiya shi ne a sake wa ramukan zare da ƙarfen da aka yi don haka, kuma ba kowane gareji ke da kayan aikin ba.

Na biyu shi ne shan baƙin mai, wanda ya fi tsanani a na 2007 zuwa 2009. Tushensa ƙirar fistin da ringi ne: ƙananan ƙofofin da mai ke bi ya koma ƙasa sukan toshe da dauɗa, sai man ya haura ya ƙone tare da fetur. Toyota da kanta ta amince da matsalar a Amurka, ta tsawaita garanti zuwa shekara 10 ko mil 150,000, ta ce duk injin da ya shanye kusan lita ɗaya a tafiyar mil 1,200, wato kamar kilomita 1,900, za a canza masa fistin da ringi. Wa'adin nan ya daɗe da ƙarewa. A mayar da lissafin gida: injin gaba ɗaya bai ɗaukar lita biyar, kuma zuwa Abuja da dawowa sau biyu daga Birnin Kebbi ya zarce wannan nisa. Wanda ba ya zaro sandar awon mai sai ranar juye, zai iya buga inji bai taɓa ganin ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa ba. Ba dole ne ma a ga hayaƙi ba a farkon lamarin.

Daga ƙirar 2010, Camry ta kasuwar Amurka ta koma injin 2.5 da giya shida, RAV4 kuwa tun 2009 ta samu injin 2.5. A nan afgired ke cutar mai saye. Muscle ta 2007 da aka sa wa fuskar 2010 tana nan da tsohon injinta, amma kuɗin ta 2010 za a nema. Wannan ba ya nufin duk 2.4 abin gudu ne. Akwai masu yawa da ba su shan mai, wasu kuma an gyara su tun a can. Abin da ya rage shi ne a saya da sani, a kuma biya farashin da ya dace da ita.

## Masu silinda shida

Injin 3.0 na tsofaffin Camry, Sienna, Avalon da Highlander, tare da 2.2 na Pencil, na tsakanin 1997 da 2002, sun shahara da daskarewar mai: idan an jinkirta juye, man ya koma baƙin kwaɓi ya toshe hanyoyinsa. Maganar ta kai kotu a Amurka, aka sasanta a 2007. Buɗe murfin zuba mai a haska ciki da tocila yakan nuna alama.

Injin 3.0 ɗin da 3.3 da ya gaje shi, wanda ke cikin Sienna ta 2004 zuwa 2006 da Highlander ta 2004 zuwa 2007, da bel ɗin roba suke tafiyar da tayimin, ba sarƙa ba. Ƙa'idar kamfani a canza shi duk mil 90,000. Masu Sienna na haya da ke jigila tsakanin garuruwa su ne suka fi cin wannan nisa da sauri, kuma bel ɗin ba ya sallama kafin ya tsinke. Duk wanda ya sayi irin wannan mota ba tare da shaidar lokacin da aka canza shi ba, gara ya ɗauka ba a canza ba, ya haɗa da famfon ruwa a aiki ɗaya tunda hanyarsu guda.

Injin 3.5 da ya zo daga baya sarƙa gare shi, kuma yana cikin waɗanda aka fi yabo. Rauninsa a shekarun farko, kamar 2005 zuwa 2010, wani bututun mai ne mai gaɓar roba da kan fashe ya zubar da man inji cikin 'yan mintuna. Kamfanin ya koma yin bututun da ƙarfe zalla. Kayan ba su da tsada idan aka kwatanta da sabon inji, kuma bakanike zai iya leƙawa ya faɗa maka wanne ne a jiki. Famfon ruwansa ma yakan fara yoyo, aikin kuma yana da cin lokaci saboda matsi.

## Corolla, RAV4 da sauran ƙananan ciwo

Corolla ta 2003 zuwa 2008 ita ce ta fi kusa da sunan da aka ba Toyota. Duk da haka a 2010 an kira sama da miliyan ɗaya na Corolla da Matrix ƙirar 2005 zuwa 2008 saboda kwamfutar inji da kan tsage ta ciki, motar ta riƙa mutuwa a kan tafiya ko ta ƙi tashi. A RAV4 ta 2001 zuwa 2003 kwamfutar ce ke lalacewa ta sa giya fizga, kuma idan aka bari sai ta kashe giyar. An sha canza giya sukutum a irin wannan mota alhali ciwon yana kwamfuta, sabuwar giyar ma ta bi sahun tsohuwa.

Camry ta 2012 zuwa 2014 takan yi kakkarwa a matsakaicin gudu idan an taka totur a hankali. Yawancin Corolla na Amurka daga 2014 giyarsu CVT ce, wato giyar da ba ta da matakai, mai nata mai na musamman. Dashbod ɗin Muscle da na Sienna ta 2004 zuwa 2010 yakan narke ya yi danƙo da ƙyalli a zafi, abin da ranar Kebbi ta Afrilu ba ta yi wa sauƙi.

Wanda ya fi duk waɗannan haɗari shi ne wanda ba a gani: iyabag, wato jakar iskar da ke kare mutum a haɗari, ta kamfanin Takata. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa da tsufa da zafi da danshi, ta yadda idan ta tashi fashewa sai ta watso ɓaraguzan ƙarfe. Corolla da Matrix na shekarun 2003 zuwa 2013 suna cikin waɗanda abin ya shafa, kuma a Janairun 2024 Toyota ta gargaɗi masu wasu Corolla da Matrix na 2003 da 2004, da RAV4 ta 2004 da 2005, da su daina tuƙa su sai an gyara. Shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, yana nuna ko akwai kiran gyaran da ba a yi wa mota ba idan aka sa lambar shasinta, kuma kyauta ne.

Hilux da Hiace ba ta Amurka suke zuwa ba, kuma yawancin na kasuwa sun gama bautar ma'aikatu, 'yan kwangila ko tasha. A kansu tambayar ita ce irin aikin da suka yi, sai a duba shasi da ƙafa da kyau.

## Gardamar tamostat da mai kauri

Wani kaso mai yawa na abin da ake ɗora wa mota a gareji aka ƙirƙire shi. Da zarar mota ta iso, akan cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, a haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa, a cika lagireto da ruwan rijiya ko na burtsatse, a zuba mai kauri, wato 20W-50.

Kanikawa suna da hujjarsu. Sun ce zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, tamostat ɗin da ya maƙale a rufe yana ƙona gaskit cikin ƙanƙanin lokaci, na kasuwa kuma jabu ya yi yawa a ciki, don haka cirewa ta fi kwanciyar hankali. Mai kauri kuma yana rage ƙara da hayaƙi a injin da ya gaji, ya fi araha, ana samunsa ko'ina.

Masu bin littafin kamfani suna cewa irin waɗannan motocin suna yawo a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu. Idan aka cire shi, injin yana daɗewa bai kai zafin da aka tsara masa ba, musamman da sanyin hunturu, kwamfuta kuma ta riƙa ƙara fetur don tana ganin inji da sanyi. Ruwan burtsatse yana barin gishiri da tsatsa a lagireto. Su kuma injinan VVT-i da matsin mai suke sarrafa bawul ta wasu siraran hanyoyi, an ƙera su ne don 5W-30, na baya-bayan ma 5W-20 ko 0W-20, kamar yadda aka rubuta a murfin zuba man da yawa daga cikinsu.

Idan aka auna, bakanike ya yi gaskiya cewa lalataccen tamostat haɗari ne, kuma injin da ya riga ya cinye yana iya buƙatar mai da ya ɗan fi kauri. Amma maganin lalatacce shi ne mai kyau, kuma a zamanin da litar fetur ta taɓa haura naira 1,000, fetur ɗin da inji mai sanyi ke sha ba ƙaramar asara ba ce. A batun man giya kuwa babu gardama: kowace giya da irin man da aka tsara mata, da yawa daga cikin tsofaffi mai suna T-IV suke sha, na baya WS, CVT kuma nata daban. Zuba jan mai na kowa-da-kowa shi ne ajalin giyoyi da yawa.

## Kwatano ko ta hannu?

Masu fifita 'yar Kwatano suna cewa ta taso a titi mai kyau, da mai mai kyau, ba a taɓa mata waya ba. Haka ne ga da yawa. Sai dai kaso mai tsoka na motocin da ake turowa daga Amurka a gwanjon motocin inshora da kamfanoni irin su Copart da IAA ke gudanarwa ake sayensu, wato waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. Ta haɗari idan bugun bai taɓa shasi ba tana gyaruwa. Ta ambaliya kuwa ciwonta a wayoyi yake, yana fitowa kaɗan-kaɗan bayan watanni. Juya agogon mil baya ma ba aiki ne mai wuya ba.

Masu fifita ta hannu suna cewa ka san mai ita, ka san bakanikenta, kuɗinta ya fi sauƙi. Wannan hujja tana aiki ne kawai idan da gaske an san tarihin. Motar da ta ratsa hannu huɗu ta tsaya gun dillali ba ta da wannan fifiko. Wadda mutum ɗaya ya riƙe, yana juye a kan lokaci, takan fi Kwatanon da ba a san asalinta ba.

## Takardu, musamman a jihar da ke bakin iyaka

Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, don haka mota mai arahar da ba ta da dalili ba baƙuwa ba ce a nan. Tun 1 ga Janairun 2017 aka haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma buɗe iyakar Kamba a Afrilun 2022 bai haɗa da motoci ba. A 2022 ɗin ne kuma kwastan ta fara ƙiyasta kuɗin fito ta lambar shasi. A 2024 ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu motocin da ba a biya musu fito daidai ba su je su daidaita, alamar cewa irin waɗannan motoci ba kaɗan ba ne.

Lamba a jikin mota ba shaidar an biya fito ba ce. Motar za ta yi shekaru tana zirga-zirga cikin gari lafiya, ranar da ta kama hanyar Kwantagora a tare ta. Kafin a biya kuɗi, a kai takardar ofishin kwastan a tantance, a tabbatar lambar shasin da ke takarda ita ce a ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba. A kuma rubuta takardar ciniki da shaidu, a yi canjin mallaka, domin motar sata ma da takardu take zuwa.

## Ranar dubawa

Lambar shasi harafi da lamba 17 ce. A motocin Amurka da Kanada, na goma shi ke faɗin shekarar ƙira: 7 na nufin 2007, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012. Wannan kaɗai ya isa ya tona afgired.

A je da sassafe, a tarar da injin da sanyi. Wanda aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a ga fitilar inji da ta iyabag da ta birkin ABS sun kama, sannan su mutu bayan an tayar. Fitilar da ba ta kama ba tun farko, wataƙila an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta. Hakan yakan faru bayan an fasa salansa an kwashe abin tace hayaƙin da kanikawa ke kira indomi an sayar. A sa na'urar bincike ta karanta kwamfutar. A ɗaga kafet, a zaro bel ɗin kujera har ƙarshe, a leƙa ramin safaya ana neman laka ko tsatsa. A yi tafiyar da za ta kai rabin awa da esi a kunne, a hau babban titi har giya ta shiga duka, ido na kan allurar zafi. Bakaniken da zai duba ya zama naka, wanda ba shi da rabo a la'ada.

## Abin da wannan ke nufi ga aljihu

Ga ma'aikaci mai zirga-zirgar gida da ofis, Corolla ko Camry mai silinda huɗu ta fi dacewa da farashin fetur na yanzu. Mai silinda shida a cikin gari tana cin albashi. Ga mai iyali da yawa ko mai haya, Sienna tana biyan buƙata, amma bel ɗin tayimin, ƙafa da ƙofofin gefe masu jan kansu suna cikin lissafi. Ga mai bin doguwar hanya irin ta Zuru, lalacewar mota da yamma ta wuce batun kuɗin gyara, don haka lagireto, famfon mai da taya ba wurin tsumi ba ne.

Tsadar shigo da mota na sa tsofaffi su daɗe suna juyawa daga hannu zuwa hannu, injinan Beljiyam da ake musanyawa da su kuma da dala ake kawo su, su ma sun yi tsada. Wanda ya zuba duk abin da ya tara a kuɗin saye yakan rasa na juyen farko, da man giya, da ruwan lagireto, da birki. Sababbin ƙira daga 2014 zuwa sama sun fi tsumin mai, amma sun fi dogara da na'urar bincike da kayan asali, kuma a garuruwa irin su Bunza ko Koko wani ƙaramin sensa kan ajiye mota kwanaki ana jiran saƙo daga Kano ko Ladipo a Legas.